Makaman da ƙasashen waje suka sayar wa Sin a lokacin yaƙinta da Japan (1937 zuwa 1945)

Yaƙin Sin da Japan na biyu ya ɓarke ne ranar 7 ga Yulin 1937 daga wata arangama a gadar Marco Polo kusa da Beijing, kuma bai ƙare ba sai da Japan ta miƙa wuya a 1945. A lokacin Japan na ƙera jiragenta na sama da na ruwa da tankokinta da kanta, ita kuwa Sin iyakarta bindigar hannu da harsashi da ƙananan igwa, duk wani abu mai nauyi sai an kawo daga waje. Shi ya sa tarihin makaman wannan yaƙi kusan rabinsa labarin hanya ne, don ko an samu mai sayarwa an biya shi, ta ina kayan za su shigo tunda jiragen ruwan Japan sun tsare gaɓar teku? Cikin shekara takwas manyan dillalai uku gwamnatin Sin ta Chiang Kai-shek ta yi ɗaya bayan ɗaya, Jamus, sannan Tarayyar Sobiyet, sannan Amurka, kuma babu wanda ya zo don Allah a cikinsu.

Jamus

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne Jamus ɗin Hitler ce babbar mai ba Sin makamai a farkon yaƙin, alhali tun Nuwamban 1936 ta sa hannu a yarjejeniyar adawa da kwaminisanci da Japan. Dalili kuwa ma'adinai ne. Kudancin Sin, musamman lardin Jiangxi, na da arzikin tangistin, wani ƙarfe mai shegen tauri da ake gaurayawa a yi kayan yankan ƙarfe a masana'anta da harsashin fasa tanka, Jamus kuma ba ta da shi kuma ba ta da kuɗin waje na saye. Sai aka yi cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ta hannun wani kamfani mai suna HAPRO da aka kafa a 1934, a 1936 kuma aka buɗe wa Sin bashin mak miliyan 100 na kuɗin Jamus, ta ɗauki makamai ta biya da ma'adinai.

Ba kaya kaɗai ba har da masu horarwa. Janar Hans von Seeckt ya zo, bayansa Alexander von Falkenhausen, su suka horar da rundunoni irin su ta 87 da ta 88, waɗanda in ka ga hotonsu da hular kwano irin ta Jamus sai ka rantse sojan Hitler ne. Ita kanta bindigar da aka sa wa sunan Chiang Kai-shek kwafin Mauser ce aka riƙa ƙerawa a gida. Akwai kuma mashinga ZB-26 daga Cekoslobakiya wadda sojan Sin suka so ƙwarai har suka kwaikwaya, Italiya ma ta taɓa turo masu koyar da tuƙin jirgi kafin ta janye a ƙarshen 1937.

To amma waɗannan rundunoni da aka sha wahalar ginawa, Chiang ya zuba su a yaƙin Shanghai daga Agusta zuwa Nuwamban 1937, wata uku ana gwabzawa, yawancinsu a can suka ƙare da su da kayansu. Jamus ta ɗan ci gaba da raba ƙafa, Japan na ta ƙorafi, har dai a Fabrairun 1938 Hitler ya ce ya amince da Manchukuo, ƙasar jeka-na-yi-ka da Japan ta kafa a Manchuria, aka tsayar da jigilar makamai, aka kira su Falkenhausen gida a tsakiyar shekarar.

Tarayyar Sobiyet

Stalin lissafinsa a fili yake, muddin sojan Japan na can sun maƙale a Sin ba za su juyo kan Saiberiya ba. Ranar 21 ga Agustan 1937 aka sa hannu kan yarjejeniyar ba za a kai wa juna hari ba, sai bashi ya biyo baya, dala miliyan 50 a Maris ɗin 1938, wata 50 ɗin a Yuli, sai miliyan 150 a Yunin 1939, jimla miliyan 250, ana biya da ganyen shayi da gashin tumaki da fatu da ma'adinai. Gaskiya wannan ɓangaren shi aka fi mantawa da shi alhali a shekarun da Sin ta fi shiga uku, 1938 da 1939, kusan babu mai taimakonta da makami na gaske sai Rasha.

Jiragen yaƙi sama da 800 aka kawo, ƙananan I-15 da I-16 da masu jefa bom SB, da tankoki T-26 guda 82 waɗanda da su aka gina runduna ta 200, da igwa da motoci. Matuƙan Sobiyet suka zo da sunan 'yan sa-kai, su suka kai hari filin jirgin Japan da ke Taiwan a Fabrairun 1938, kuma fiye da 200 cikinsu a ƙasar Sin aka binne su. Kaya masu nauyi wasu ta teku suka bi, sauran kuwa a mota daga Kazakistan a ratsa hamadar Xinjiang har Lanzhou, tafiyar kusan kilomita 3,000, har da raƙuma aka sa suna dakon man fetur. Wani abu kuma, duk da Stalin ɗan kwaminis ne, makaman gwamnatin Chiang ya ba, su Mao, 'yan kwaminis ɗin Sin da ke Yan'an, sai dai littattafai da ɗan abin da ba a rasa ba. A Afrilun 1941 Mosko ta ƙulla yarjejeniyar ba-ruwan-kowa da Japan, bayan wata biyu Hitler ya afka mata, shi ke nan wannan ƙofa ta rufe.

Ƙofofin da aka toshe ɗaya bayan ɗaya

Da farko Hong Kong ce babbar ƙofa, a sauke kaya a can a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Canton a wuce Wuhan, sai Japan ta kama Canton a Oktoban 1938. Aka koma layin dogon Faransawa daga Haiphong a Biyetnam, wadda Faransa ke mulka a lokacin, zuwa Kunming a kudu maso yammacin Sin, shi ma da Faransa ta faɗi hannun Jamus a Yunin 1940 Japan ta matsa aka rufe, a Satumba ma ta shigo da sojanta arewacin Biyetnam.

Saura hanyar Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau. Titi ne mai tsawon kilomita 1,150 da ɗoriya daga Lashio zuwa Kunming, leburori wajen 200,000 suka sassaƙa shi a jikin duwatsu da diga da kwando a 1937 da 1938, maza da mata har da yara. Kaya su sauka a Rangun, jirgin ƙasa ya kai Lashio, sannan manyan motoci su fara hawa da gangara, ga zazzaɓin cizon sauro ga zaftarewar ƙasa da damina ga shingayen karɓar haraji ga 'yan sumoga. Birtaniya ma da ta ji wuta a Turai ta rufe shi na wata uku daga Yuli zuwa Oktoban 1940 don ta lallashi Japan, bai hana komai ba, Rangun ta faɗi a Maris ɗin 1942, Lashio a ƙarshen Afrilu.

Amurka

Amurka ta daɗe tana jan ƙafa. Tana da dokar da ta hana sayar da makami ga ƙasashen da ke yaƙi, amma da yake Sin da Japan ba wanda ya ayyana yaƙi a hukumance sai Shugaba Roosevelt ya ƙi aiki da dokar, don in ya yi Sin ce za ta fi cutuwa. Sai dai ita Japan ta fi cin moriyar kasuwar, don yawancin man fetur ɗinta daga Amurka yake zuwa, haka tsoffin ƙarafan da take narkawa, irin kayan jari-bola ɗin nan, ba a hana ba sai a 1940, man kuwa sai 1941. Sin bashin dala miliyan 25 ta samu a Disambar 1938, ta biya da man itacen tung da ake haɗa fenti da shi, kuma kuɗin na motoci ne da kayan aiki ba na bindiga ba.

A Mayun 1941 ne aka saka Sin cikin dokar ba da makamai aro, T. V. Soong surukin Chiang shi ne mai bin ƙafa a Washinton. Aka karkato jiragen P-40 guda 100 da aka ƙera wa Birtaniya, Claire Chennault, wani tsohon hafsan sojan saman Amurka, ya tattaro matuƙa 'yan kwangila, ana biyansu albashi da kuma dala 500 kan duk jirgin Japan da suka kakkaɓo, su ne aka yi wa laƙabi da damisai masu tashi, gumurzunsu na farko ranar 20 ga Disambar 1941 kusa da Kunming.

Da Bama ta tafi sai sama. Daga Afrilun 1942 jirage suka riƙa tashi daga filayen Assam a Indiya su tsallaka gabashin duwatsun Himalaya, matuƙan na kiran wurin da suna mai ma'anar tozo. Zuwa ƙarshen 1945 an yi dakon wajen tan 650,000, aka rasa jirage kusan 600 da mutum sama da 1,500, kuma yawanci ba Japan ce ta harbo su ba, ƙanƙara ce da iska da hazo da lodin da ya wuce kima. Kaso mai yawa na kayan kuma fetur ne da bom na jiragen Amurka da ke cikin Sin, abin da ke isa hannun sojan ƙasa ɗan kaɗan ne, kan wannan rabon ne Janar Joseph Stilwell, kwamandan sojan Amurka a yankin, da Chennault da Chiang suka yi ta cacar baki har aka cire Stilwell a Oktoban 1944. Shi Stilwell na zargin ana ɓoye kaya don yaƙin da za a yi da kwaminis nan gaba, Chiang kuma na cewa me aka ba shi ma da zai ɓoye. In aka duba alƙaluma kowa na da ɗan abin faɗa, cikin kusan dala biliyan 50 da Amurka ta raba wa ƙawayenta Sin ta samu wajen biliyan 1.6 ne, mafi yawansa kuma a 1945 ya iso.

Nan ne labarin ya taɓo mu. Da yawan jiragen da aka tura Indiya da Sin ta Burazil suka tsallako zuwa Akara, su sha mai a Kano ko Maiduguri, su wuce El Fasher da Khartum. Sannan a 1944 bataliyoyin Najeriya uku suna cikin dakarun da aka sauke a bayan layin Japan a arewacin Bama don su datse layin dogon da ke ciyar da sojan da ke tare wa Stilwell hanya, waɗannan na cikin tsoffin sojan da ake ce wa sun je yaƙin Bama. Da aka kama garin Myitkyina na arewacin Bama daga hannun Japan a Agustan 1944 jirage suka samu bin hanya ta kudu mai sauƙin duwatsu, lodi ya ƙaru sosai har ya haura tan 70,000 a watan Yulin 1945 kaɗai.

Sabon titin da aka faro daga Ledo a Indiya a Disambar 1942, wanda akasarin sojan Amurka da suka gina shi baƙar fata ne, ayarin motocinsa na farko ya shiga Kunming ranar 4 ga Fabrairun 1945, wata shida kafin Japan ta sallama. Rundunonin da aka yi wa kaya da makaman Amurka daga nan Manchuria aka kwashe su a jiragen ruwan Amurka, kuma a yaƙin basasar da ya biyo baya bindigogi da motoci masu ɗimbin yawa cikinsu hannun sojan Mao suka koma, wasu ma da su aka yaƙi Amurkawan a Koriya a 1950.