Kariyar matafiyan Birtaniya a ƙasashen da ke cikin tarzoma

Kariyar matafiyan Birtaniya a lokutan tarzoma tsari ne na gargaɗi da taimakon jakadanci da gwamnatin Birtaniya ke yi wa 'yan ƙasarta idan rikicin siyasa ko durƙushewar tattalin arziki ya rutsa da su a ƙetare. Alhakin yana wuyan ma'aikatar harkokin waje, wadda ake kira FCDO tun Satumban 2020, lokacin da aka haɗe ta da ma'aikatar raya ƙasashe. Tushen tsarin shi ne gwamnati tana ba da shawara, amma matafiyi ne ke yanke hukunci, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya.

Matakan gargaɗi

Ma'aikatar tana wallafa bayani kan ƙasashe da yankuna sama da 200 a shafin gwamnati na intanet. Gargaɗi mafi tsanani shi ne kada a je kwata-kwata, kuma a taswira ana shafa wa wurin jan launi. Na ƙasa da shi, mai launin ruwan lemo, yana nufin kada a je sai da larura. Sau da yawa ƙasa ɗaya takan haɗa launuka, wani yanki ja, wani kore.

Gargaɗin ba doka ba ne, babu mai tare mutum a filin jirgi. Ƙarfinsa yana wajen inshora: yawancin kamfanoni ba sa biyan komai ga wanda ya yi tafiya bayan an ce kada a je. Nan ne mutane suka fi yin sakaci, alhali kuɗin asibiti ko na ɗauko majinyaci ta jirgin sama kan kai dubban fam.

Idan tattalin arziki ya durƙushe

Abin da ya fi wahalar da baƙo a irin wannan hali ba harbi ba ne, rashin abubuwan yau da kullum ne. A ƙarshen Yunin 2015 Girka ta rufe bankuna har tsawon mako uku, aka taƙaita wa 'yan ƙasa cire Yuro 60 a rana. Dokar ba ta shafi katunan bankunan waje ba, amma layi ya yi tsawo, na'urorin cire kuɗi da dama suka ƙafe, wasu masu shaguna kuma suka ƙi karɓar kati. Shawarar Landan ga masu yawon buɗe ido ita ce su taho da isassun tsabar kuɗi.

Na Sri Lanka a 2022 ya fi muni. Kuɗin waje ya ƙare wa gwamnati, ta daina biyan bashi a Afrilu, ana ɗauke wuta har awa 13 a rana, masu motoci suna kwana a layin mai, magunguna suka yi ƙaranci a asibitoci. Ranar 9 ga Yuli masu zanga-zanga suka kutsa gidan shugaban ƙasa a Colombo, kwana huɗu bayan haka shugaban, Gotabaya Rajapaksa, ya bar ƙasar. Baƙon da ke da tikitin komawa gida a hannu yana iya rasa motar da za ta kai shi filin jirgi. Birtaniya ta ce kada a je sai da larura, ta janye gargaɗin a ƙarshen Agusta.

Abin da ake nema daga matafiyi

Shawarwarin ba su cika canzawa ba: a guji taron jama'a ko da na lumana ne, a bi dokar hana fita, kada a ɗauki hoton sojoji ko shingayensu, a ajiye kwafin fasfo dabam da na asali, a tanadi ruwa da magani. Mafi muhimmanci, a fita tun jiragen fasinja suna tashi.

Iyakar taimakon jakadanci

Ofishin jakadanci yana iya ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda fasfonsa ya ɓata, ya sanar da iyali, ya ziyarci wanda aka tsare, ya ba da sunayen lauyoyi. Ba ya biyan kuɗin asibiti, ba ya fitar da mutum daga kurkuku. Mai fasfo biyu, misali na Birtaniya da na Najeriya, galibi ba ya samun wannan taimako idan yana cikin ɗaya ƙasar tasa.

Kwashe mutane ma ba alkawari ba ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, jami'an jakadanci aka fara ɗebewa ranar 23 ga wata, abin da ya jawo wa gwamnati suka. Bayan an tsagaita wuta, jiragen soja suka fara jigila ranar 25 ga wata daga sansanin Wadi Seidna da ke arewa da Khartoum zuwa Larnaca a tsibirin Saifurus. An kwashe sama da mutum 2,000, amma kowa shi ya nemi hanyar kai kansa sansanin, ta cikin shingayen mayaƙa, a garin da man fetur ya yi wuya.