Hoton kyauta ne, amma fuskar ba ta kyauta ba ce

Duk mai ƙaramar sana'a a Instagram ko status na WhatsApp ya san wannan hanyar, ka shiga shafukan hoton kyauta irin su Pexels ko Unsplash ko Pixabay, ka sauke hoton wata kyakkyawar mace tana murmushi, ka kai shi manhajar gyaran hoto ta Canva ka cire bayan hoton, ka ɗora kwalbar man shafawarka a hannunta, ka rubuta lambar waya da farashi a ƙasa, shi ke nan talla ta haɗu ba ka biya ko sisi ba. In an yi magana ka ce ai su da kansu suka rubuta kyauta ne har da kasuwanci an yarda. E, sun rubuta. Amma abin da suka ba ka kyauta ba shi ne duk abin da ke cikin hoton ba.

Hoto ɗaya yana iya samun masu haƙƙi uku ko huɗu. Akwai wanda ya ɗauki hoton, shi ke da haƙƙin mallaka. Akwai wadda fuskarta ke ciki. Akwai kamfanin da tambarinsa ya fito a jikin riga ko waya ko takalmi. Wani lokaci ma har da mai zanen da ke rataye a bango a bayanta. Lasisin da waɗannan shafukan ke ba ka na mutum na farko ne kawai, mai kamara. Shi ya yafe nasa, to amma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba, ba zai yafe maka fuskar wata ba.

A manyan kasuwannin hoto irin su Getty Images da Shutterstock, hoton da za a sayar don talla sai da takardar amincewa wadda mai fuskar ya sa wa hannu, in yaro ne iyayensa su sa. Wanda ba shi da wannan takarda sai su ware shi su ce na labarai ne kawai, ba na talla ba. Shafukan kyauta kuwa kowa na iya buɗe akawun ya loda abin da ya ga dama, kuma in ka karanta sharuɗɗansu, wanda na san yawancinmu ba ma karantawa, za ka ga sun zame jikinsu, sun ce neman izinin mutanen da ke cikin hoto da masu tambari yana wuyanka kai mai amfani. Abin dariyar ma Getty ce ta sayi Unsplash a 2021, Canva kuma ta sayi Pexels da Pixabay a 2019, wato manyan ne dai a baya, amma garantin da suke ba mai biyan kuɗi ba sa ba mai ɗaukar kyauta.

Wannan rigimar ta fuska ba sabuwa ba ce. A Amurka, jihar New York, wani kamfanin fulawa ya buga hoton wata budurwa a takardun tallarsa dubbai ba tare da ya tambaye ta ba, ta kai ƙara, a 1902 babbar kotun jihar ta ce babu dokar da ta hana, ta faɗi. Mutane suka yi ca, shekara ɗaya bayan nan, 1903, majalisar jihar ta yi dokar da ta haramta sa hoton mutum ko sunansa a talla ba da rubutaccen izininsa ba, kuma har yau tana aiki. Sai kuma a 2007, kamfanin Virgin Mobile na Ostireliya ya ɗauko hoton wata yarinya 'yar Texas daga shafin loda hotuna na Flickr, mai hoton ya sa masa lasisin Creative Commons, wato lasisin da mai aiki ke ba jama'a damar amfani da aikinsa kyauta bisa sharuɗɗa, irin wanda ya yarda da kasuwanci, suka yanke hoton, suka juya shi, suka rubuta wata magana ta shaguɓe a kai suka manna a wuraren tsayawar bas. Iyayenta suka kai ƙara. A ƙarshe kotun Texas ta kori ƙarar ne saboda ba ta da hurumi a kan kamfanin da ke wata ƙasa, ba wai don ta wanke su ba. Lasisinsu daidai yake, yarinyar ce ba wanda ya tambaya.

To yanzu batun gyara, wanda shi ne ainihin inda mutanenmu ke shiga uku. Lasisin Pexels da Unsplash da Pixabay duk sun yarda ka gyara hoto, ka yanke, ka canza kala, ka sa rubutu. Wannan ba laifi. Amma Pexels ya faɗa ƙarara cewa kada ka nuna kamar mutumin da ke hoton ko kamfanin da ke ciki yana goyon bayan kayanka, kuma kada ka fito da wanda ake iya ganewa a mummunar siffa. Ka duba abin da ake yi kullum: a ɗauki hoton mace baƙa, a ƙara mata haske a edita, a jera biyu a rubuta kafin da bayan amfani da man. Ko a ɗauki hoton wani dattijo a rubuta ya warke daga ciwon suga da maganinmu. Ko mai kayan mata ta ɗora hoton wata baiwar Allah da ba ta taɓa jin sunan kayan ba, ta rubuta kalaman da kunya ba za ta bar ni in maimaita ba. Hoton asali bai ce komai ba, mace ce kawai tana murmushi. Kai ne ka sa mata magana a baki. Daga wannan lokacin ka fita daga inuwar lasisin, sannan ga ɓata suna, ga yaudarar mai saye, duk a hoto ɗaya.

Wasu kuma suna da wani imani wai in ka canza kashi kaza na hoto ya zama naka. Babu wannan a doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta bar wa mai aiki ikon sarrafa aikinsa zuwa wata siffa, kuma ta ba shi damar ƙin yarda da gyaran da zai zubar masa da mutunci. Hoto yana da kariya shekara 50. Don haka in ya kasance hoton da ka sauke sato shi aka yi aka loda a shafin kyauta, wanda yana faruwa sosai, gyaranka bai wanke shi ba, mai shi na gaskiya kai zai nema don tallarka ce ya gani. A Amurka diyyar da doka ta ƙayyade tana kai dala 150,000 a kan aiki ɗaya in da gangan aka yi. Gaskiya da wuya wani Ba'amurke ya biyo ka Kantin Kwari da sammaci, abin da ya fi kusa shi ne ya cika fom ɗin ƙorafi na Meta, kamfanin da ke da Instagram da WhatsApp, a sauke tallar, in ya maimaitu a rufe shafin gaba ɗaya, mabiya dubu arba'in da ka yi shekaru kana tarawa su tafi a dare ɗaya, kuma ga mai sana'ar onlayin wannan ya fi tara ciwo.

Akwai kuma wanda ya shafi Najeriya kai tsaye da mutane da yawa ba su sani ba. Hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana amfani da 'yan tallan ƙasashen waje da masu muryar waje a duk tallar da aka nufi Najeriya da ita daga 1 ga Oktoba 2022, kuma dokarta ta 2022 ta ce talla sai an tantance ta kafin ta fita, har da ta intanet. Hotunan kyautan nan kuwa akasarinsu fuskokin waje ne. In kayanka magani ne ko man shafawa ko abinci, NAFDAC ma sai ta amince da tallar. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma tana da hurumi a kan tallar da ke yaudarar mai saye, misali ka sa hoton abaya mai tsada da ka sauke ka canza mata kala, kwastoma ta biya, abin da ya iso hannunta daban. Ba na ce suna bin kowane status suna kama mutane ba, ba su da wannan ƙarfin, amma ranar da kasuwarka ta girma ko wani kwastoma ya fusata ya kai ƙorafi, takardun nan ne za a buɗe.

Creative Commons ma ba iri ɗaya ba ne, a kula. Mai alamar NC ya hana kasuwanci, mai ND ya hana yaɗa wanda aka gyara, mai BY sai ka ambaci mai hoton. CC0 ne kawai aka sake gaba ɗaya, shi ma ɓangaren mai kamara kawai. Hoton da ka samu a binciken Google ko Pinterest kuwa ba lasisi ba ne sam, ganinsa kawai ka yi.

Ni dai in za ka tambaye ni, yi amfani da hotunan kyauta a inda babu fuska babu tambari, tebur, furanni, hayaƙin turare, sararin sama, irin abin da za ka sa a baya. Ranar da ka sauke ka ɗauki sikirinshot na shafin da sunan mai hoton da lasisin ka ajiye, don sharuɗɗan suna canzawa, Unsplash ya bar CC0 a 2017, Pixabay ya bari a 2019, kuma mai hoto na iya goge kayansa gobe ka rasa shaida. In kuma dole sai da mutum a tallar, wayar da ke hannunka ta isa, ka nemi wadda ta yarda, ku rubuta a takarda wane kaya ne, a ina za a sa, har zuwa yaushe, nawa za ka ba ta, ta sa hannu. In 'yar ƙanwarka ce ƙarama, uwarta ko ubanta su sa.