Ƙa'idar sayayya a asibitocin Ingila: araha kaɗai ba ta cin kwangila

A da, kamfanin da ke son sayar wa asibitocin gwamnatin Ingila safar hannu ko sirinji, inganci da farashi ne abin da aka fi dubawa. Yanzu sai ya bayyana irin gurɓataccen hayaƙin da harkarsa ke fitarwa.

Tushen maganar alkawari ne da hukumar lafiya ta NHS ta ɗauka a 2020, cewa za ta kawar da nata kason na hayaƙin da ke ɗumama duniya: nan da 2040 a abin da ke hannunta, nan da 2045 har da kayan da take saye. Da aka yi lissafi, sai ga shi kimanin kashi 60 cikin 100 na hayaƙin daga kayan saye yake, wato magunguna, na'urori da jigilarsu. Kashe fitilun asibiti ba zai taɓa wannan ba. Dole a bi ta kan 'yan kwangila.

Tun Afrilun 2022, aƙalla kashi 10 cikin 100 na makin da ake bai wa masu neman kwangila ya koma kan rage hayaƙi da amfanin al'umma. Kashi 10 kamar ba komai ba ne, amma idan farashi ya zo kusa da juna, shi ke raba gardama. A Afrilun 2023 aka wajabta wa mai neman kwangilar da ta haura fam miliyan 5 a shekara ya wallafa shirinsa na rage hayaƙi, a 2024 kuma sharaɗin ya gangaro kan ƙananan kwangiloli, gwargwadon girmansu.

A ganina, 2027 ce za ta fi girgiza dangantakar NHS da 'yan kwangilarta. Daga lokacin, lissafin kamfani zai haɗa da hayaƙinsa na duniya baki ɗaya, har na waɗanda yake sarowa a wurinsu. Dillalin da ke Landan zai koma yana matsa wa masana'antar safar hannu a Malesiya, ko maƙeran almakashin tiyata a Sialkot ta Pakistan, su ba shi alƙaluma. Babban kamfani yana da ma'aikatan da za su zauna kan wannan lissafi. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sai ya ɗauko ƙwararre ya biya, shi ya sa a tsarin farko aka ɗaga wa ƙanana ƙafa na shekara 2. Daga 2030, wanda bai nuna ci gaba a rubuce ba, ba zai ma shiga takarar kwangila ba.