Ajali na Allah ne, jinya tamu ce

A aikin likita na ga tsoho ya cika yana kalmar shahada, ƴaƴa kewaye da tabarmarsa. Na ga jariri ya koma tun ba a yanka ragon suna ba. Kowane rai zai ɗanɗani mutuwa, haka ya zo a suratu Ali Imrana, aya ta 185, kuma babu musulmin da ke ja da wannan.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Wani dare cikin Satumba, aka kawo mana yaro ɗan shekara biyu bisa kabu-kabu, uwar ta naɗe shi cikin zanenta. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat. Kwana huɗu yana masassarar cizon sauro. An yi turare, an sha rubutu, an sayo ƙwaya wurin mai tebur. Kafin a samo jini, rai ya yi halinsa. Uwar ta ce, "Likita, kwanansa ne ya ƙare." Na ce, "Haka ne, baiwar Allah, Allah ya sa mai ceto ne." Ban ƙara ba, don zuciyarta ba za ta ɗauki fiye da haka ba.

Ku nake gaya wa, ƴan uwana na Damagaram, tun daga Birni har Zango da Kara-Kara. Wannan uwa tana son ɗanta, ba ta runtsa ba duk kwanakin nan. Sai dai ɗa amana ne, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta. Lokacin da Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah (SAW), wanda ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, shi ne ya umarce mu da neman magani. Tawakkalinmu bai kai nasu ba.

Masassarar cizon sauro cinye jinin yaro take yi, kuma da sauri. Gwajin ɗigon jini na yatsa bai wuce minti 20 ba. In jikin yaro ya yi zafi, kada a kwana biyu ana jira. In ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko tafinsa ya yi fari, ko cikin dare ne a tafi asibiti. A yi addu'ar bisa hanya.

Maigida, kai ma da kai nake: ka bar izini da kuɗin kabu-kabu kafin ka fita gona ko Kasuwar Dole. Maganin rigakafin damina da ake rabawa yara daga wata 3 zuwa 59 na kwana uku ne kowane wata. Ƙwayoyin sauran kwana biyun da aka bar muku a gida, a ba yaro su, kada su kwana cikin kwalla.