Ba 'yar Julian ce ta jawo faɗuwar Sifen a hannun Musulmi ba

An daɗe ana cewa Rodrigo, sarkin Kirista na Sifen, ya keta haddin 'yar Julian, mai mulkin Sabta (wani gari a gaɓar tekun arewacin Afirka, daura da Sifen), shi ya sa uban ya ba kwamandan Musulmi Ɗariƙ bin Ziyad jiragen ruwa don ya tsallaka ya ci Sifen da yaƙi a 711. Tarihin da wani Kirista ya rubuta a Sifen a 754 bai ambaci yarinyar ba sam. Sai a ƙarni na 9 ta ɓullo a rubutun Ibn Abdul Hakam na Masar. Daga baya Kiristoci suka rungumi labarin, don ya dace da wa'azinsu cewa zunubin sarakuna ne ya jawo musu azaba.

Rikicin gadon sarauta ne ya raunana ƙasar. Rodrigo ƙwatar mulki ya yi, abokin hamayyarsa Akila kuma na riƙe da arewa maso gabas. Da Rodrigo ya faɗi a yaƙin Guadalete, inda ya kara da rundunar Ɗariƙ, aka rasa mai haɗa kan mayaƙa.