Yara uku, kujerar baya ɗaya: abin da dokar Birtaniya ta ce kafin ka sayi motar iyali

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ya san yadda ake tafiya biki da yara a mota. Uwa ta rungume jariri a gaba, uku a baya, na huɗu a kan cinyar gwaggo, a yi bisimilla a tayar. Wanda karatu ko aiki ya kai shi Birtaniya da iyalinsa, wannan na cikin abubuwan farko da zai ajiye. A can sai ka fara ƙirga yara da kujerunsu tukuna, sannan ka san motar da za ka iya saya.

Asalin dokar gajeriya ce. Tun watan Satumba na 2006, dole ne kowane yaro ya zauna a kujerar yara da ta dace da shi har sai ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Daga nan sai ya koma ɗaura bel irin na manya. Alhakin duk yaron da bai kai shekara 14 ba yana wuyan direba, ko da ɗan maƙwabci ne ka rage wa hanya daga makarantar Islamiyya. Idan 'yan sanda suka tsayar da kai, tarar nan take fam 100 ce, idan kuma magana ta je kotu tana iya kaiwa fam 500. Sannan kowace kujera mai bel ta mutum ɗaya ce tak, don haka zancen a ɗora ƙaramin a cinya ko a haɗa biyu da bel ɗaya bai ma taso ba.

Ba kowace kujerar yara doka ta yarda da ita ba. Sai wadda take da tambarin harafin E a cikin da'ira, tare da ɗaya daga cikin lambobi biyu. Mai lamba R44 tsohon tsari ce, da nauyin yaro ake zaɓenta: akwai ta jarirai zuwa kilo 13, akwai ta kilo 9 zuwa 18, akwai ta manyan yara daga kilo 15 zuwa 36. Mai lamba R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fito a 2013, ita da tsawo ake zaɓenta, kuma dole jariri ya zauna a cikinta yana fuskantar baya har ya wuce wata 15. Dalili shi ne kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi. Idan mota ta yi karo yana kallon gaba, kan ne zai fizgo wuyan, amma idan yana kallon baya, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya a tare. A Suwidin ma har yaro ya kai kimanin shekara huɗu suke barinsa yana kallon baya. Kujerar da 'yar uwa ta aiko daga Amurka kuwa, komai kyanta da tsadarta, in babu wancan tambari ba ta halatta ba a titin Birtaniya.

Da yaro ɗaya ko biyu babu wata wahala. A na uku ne ake gane cewa motar da aka ce mai ɗaukar mutum biyar ce, a gaskiya ta mutum huɗu da rabi ce. Wurin tsakiya a yawancin motoci siriri ne, ga tudu, kuma maƙalan ƙarfen nan guda biyu da ake kira ISOFIX, waɗanda kujerar yara ke kamawa ta kulle, a gefe da gefe kawai ake sa su. Kujerar i-Size ɗaya faɗinta kan kai santimita 44. Jera uku, ka ga santimita 132 ke nan, kuma ba a bar wurin da hannu zai shiga ya danna bel ba.

Na ga wannan da idona a wajen wani abokina. Yaransa biyu, mai shekara biyar da mai shekara biyu, maiɗakinsa kuma ta kusa sauka. Ya ƙyalla ido ya ga wata doguwar jif a wajen masu sayar da motocin hannu, har ya fara ciniki. Ita ce ta ce, "Baban Amira, mu je da kujerun yaran tukuna mu gani." Muka kwashe su a but muka tafi. Biyu suka zauna daram a gefe. Ta ukun muka juya ta, muka karkata, muka matsa da gwiwa, daga ƙarshe ta shiga amma ta hau kan makullin bel ɗin babbar. Ya cusa hannu tsakanin robobin yana lalube har fatar yatsansa ta goge. Ta dube shi ta ce, "To haka za ka riƙa yi kullum da safe, ana ruwa, ana makara?" A nan cinikin ya watse.

Masu dokar sun san da wannan matsi, shi ya sa suka bar ƙofa. Idan kujerun yara biyu da ake zaune a kansu sun hana ta uku shiga a baya, yaron da ya kai shekara uku ko fiye yana iya zama a bayan da bel na manya kawai. Wanda bai kai shekara uku ba bai da wannan sassauci, dole ya kasance cikin kujerarsa, in babu wuri a baya a kai shi gaba da kujerar tasa. Nan kuma akwai sharaɗin da ba a wasa da shi: kujerar jariri mai kallon baya ba ta zama a gaba sai an kashe jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari, domin ƙarfin fitowarta a kan bayan kujerar yake sauka, daidai inda kan jaririn yake. Idan mai kallon gaba ce, shawarar da ake bayarwa ita ce a tura kujerar motar baya iyakarta.

Ni dai a ganina wannan ƙofa ta ranar lalura ce, ba abin da magidanci zai gina sayen mota a kai ba. An yi bel ne don jikin babba. Ka ɗaura wa 'yar shekara biyar ka duba da kyau: igiyar sama da ya kamata ta bi ta kafaɗa za ka gan ta a gefen wuya, ta ƙasa da ya kamata ta kwanta kan ƙashin ƙugu za ka gan ta a kan tumbi. Ba a minti goma yarinyar za ta zare ta saman ta mayar bayanta ko ƙarƙashin hammata, don tana cin ta. Ɗan sanda ba zai ci ka tara ba, amma a ranar karo cikin yarinyar ne zai karɓi bugun. Kai jariri gaba kuma yana nufin uwa ta koma ta matse a tsakiyar kujeru biyu a baya, tafiyar Landan zuwa Manchesta a haka ba ƙaramar azaba ba ce.

Akwai wasu sassaucin guda biyu da mutane ke yawan fassarawa yadda suke so. Na farko tasi mai lasisi: in direban bai tanadi kujerar yara ba, yaro na iya zama a baya, mai shekara uku zuwa sama da bel, wanda bai kai ba babu bel. Na biyu tafiyar gaggawa, wadda dole ta haɗa abu uku, ba a shirya mata ba, ta zama dole, kuma gajeriya ce. Wannan ga ɗan shekara uku zuwa sama ne kawai, ya ɗaura bel na manya in babu kujerar yara. Kai yara makaranta kowace safiya ko zuwa masallacin Juma'a bai shiga ciki ba, tunda ka san da su tun jiya.

Saboda haka abin da mai yara uku ƙanana zai nema shi ne mota mai kujeru uku rarrabe a layin tsakiya, masu faɗi ɗaya, kowace da maƙalanta. Irin waɗannan su ne Volkswagen Touran da Sharan, SEAT Alhambra, Ford S-Max da Galaxy, Citroën Grand C4 Picasso, da Peugeot 5008 ƙirar 2017. Da yawansu an daina ƙera su saboda kasuwa ta koma kan jif, Ford ma ta tsayar da S-Max da Galaxy a 2023, don haka a kasuwar hannu za a same su. Ba su da kwarjinin jif, sun fi kama da ƙaramar bas, amma Sharan da Alhambra ƙofarsu ta baya zugewa take yi, wanda duk ya taɓa ciro jariri mai barci a matsattsen wurin ajiye motoci ya san amfanin wannan.

Jin cewa mota mai kujeru bakwai ce kada ya ruɗe ka. A motoci da yawa layin ƙarshe ba shi da maƙalan ISOFIX, kuma littafin motar ne ke faɗin irin kujerar yaran da aka yarda a ɗora a kowane gurbi, don haka a karanta shi kafin a biya. Sannan hanyar shiga can baya sai an kifa kujerar layin tsakiya, wadda ka riga ka kulle kujerar jariri a kanta. Da ka ɗaga kujerun ƙarshen kuma but ya tafi, keken jariri da buhun shinkafa sai dai ɗaya ya haƙura. Amma mai yara huɗu, kamar wanda Allah ya ba tagwaye a kan yara biyu, ba shi da zaɓi: da uwa da uba mutum shida ne, mota mai bel biyar ta fita daga lissafi.

Wani ƙaramin abu da kan kuɓuce wa mutane shi ne ƙasan motar. Kujerun jarirai da dama suna da ƙafa guda da ke tokare ƙasa. Wasu motocin iyali kuma suna da ɗan akwatin ajiya a ƙarƙashin kafet daidai wurin, murfinsa roba ce. Ba a tokara ƙafar a kan murfin sai in masu motar sun ce ya halatta ko sun ba da abin cike ramin. Haka ma matashin nan marar jingina da ake ɗora yaro a kai don ya ƙara tsawo, wanda mutane ke gudu gare shi saboda siriri ne: sababbin ƙira tun daga Maris na 2017 an amince da su ne kawai ga yaron da ya wuce santimita 125 kuma ya haura kilo 22.

Mai niyyar tsallaka ruwa da motarsa lokacin hutu ya san cewa ma'aunin yana canzawa da ƙasa. A Jamus da Jamhuriyar Ailan santimita 150 ne, ba 135 ba, saboda haka yaron da ya yi sallama da kujerarsa a Ingila yana iya komawa kanta a can.

Abokin nawa dai daga baya tsohuwar Touran ya saya, mai ruwan toka, da ɗan lotsawa a ƙofar baya. Ranar da aka sallamo maijego daga asibiti, kujeru ukun na jere a layi ɗaya, jaririn a gefe yana kallon baya, Amira a tsakiya tana leƙa shi.