Dokokin gasar injinan ces: abin da ake daidaitawa kafin a fara wasa

Samarin da ke buga darar ces a waya, wadda a makarantun Garwa da Marwa aka fi sani da eshek, sukan haɗa manhaja biyu su kara, wadda ta ci a ce ita ce gwana. Sau da yawa wayar aka gwada, ba manhajar ba. Tsohuwar waya a zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, sai hangen injin da ke cikinta ya gajarta.

Irin wannan ne gasar TCEC ta injinan ces, wato manhajojin da ke buga ces, wadda Martin Thoresen ya fara a 2010, take ƙoƙarin toshewa. Doka ta farko, kwamfuta iri ɗaya da lokaci daidai wa daida. Inji mahayi ne, kwamfuta doki, kuma mahayin ake son a auna. An ma hana inji yin lissafi a lokacin abokin karawarsa.

Dokar buɗe wasa ce ta fi ba ni sha'awa. Manyan injinan yau, in aka bar su su fara daga tushe, kusan kullum canjaras suke tashi. Don haka masu gasar ke zaɓar tafiyoyin farko da kansu, da gangan su ɗauko wanda ya ɗan karkata wa ɓangare ɗaya. To ina adalcin? Kowane buɗi sau biyu ake buga shi: ka riƙe farare yanzu, wasa na gaba ka karɓi baƙaƙe a wannan matsayin dai. A zagayen ƙarshe wasa 100 ake yi a kan buɗi 50. Cin wasa da farare bai isa abin taƙama ba, sai ka kare kanka in an juya maka allon.

A Disamba 2017 an ga abin da rashin wannan tsari ke jawowa. Kamfanin DeepMind ya sanar cewa injinsa AlphaZero ya kara da injin Stockfish 8 sau 100, ya ci 28, aka yi canjaras 72, bai faɗi ko ɗaya ba. Masana suka ce a dakata: an ƙayyade minti ɗaya ga kowace tafiya, alhali Stockfish ya saba raba lokacinsa da kansa, ya daɗe a inda wasa ya yi tsauri. Ma'ajiyar lissafinsa gigabait 1 kacal, kuma ba a ba shi kundin buɗe wasa ba. A 2018 kamfanin ya fitar da sabon gwaji na wasa 1,000, awa uku ga kowane ɓangare. AlphaZero ya ci 155, ya faɗi 6. Shi ne dai a gaba, amma wannan karon gardama ta ragu.

Akwai kuma dokar asali: kada ka shigo da aikin wani da sunanka. A 2011 ƙungiyar ICGA, mai shirya gasar duniya ta injinan ces, ta ƙwace kambunan duniya huɗu na injin Rybka, daga 2007 zuwa 2010, ta haramta wa wanda ya ƙirƙira shi, Vasik Rajlich, gasarta har abada, bisa hukuncin cewa ya kwafi injinan Fruit da Crafty. Shi ya musanta.

Inda dokar na'ura ɗaya ta cije shi ne zuwan sabuwar manhaja Leela Chess Zero a 2018. Stockfish kan ainihin ƙwaƙwalwar kwamfuta yake aiki, Leela kuwa sai da katin sarrafa hoto take nuna ƙarfinta. Tilas TCEC ta ba kowanne irin na'urarsa. Da me za a daidaita su, kuɗin na'urar ko wutar da take ci? A ganina wutar ta fi, domin farashi yana hawa yana sauka da kasuwa, wuta kuwa mita ce ke aunawa.